Tambaya da Amsa: Wai da gaske gobara ce ta kashe kulob din Montreal Wanderers?

Assalamu alaikum masu karatu, barkanmu da sake haduwa. A fitowar da ta wuce na dan ambaci wani tsohon kulob din wasan hoki na kankara na kasar Kanada a gurguje, layi biyu ne fa kawai, sai ga sakonni sun yi ta shigowa a kansa, ni kaina ban zaci zai ja hankali haka ba. To ga wadanda na zabo, wasu na rage musu tsawo saboda fili, a yi hakuri.

TAMBAYA: Malam barka da aiki. Ka ce wai kulob din da ya fara zura kwallo a tarihin gasar NHL wasa hudu kacal ya buga ya bace, wai gobara ta cinye filinsa. Ni dai abin bai shige ni ba gaskiya, ya za a yi kulob sukutum ya mutu don gini ya kone? Ai 'yan wasan ba su kone ba. Daga wani dalibi.

AMSA: Kanina, ai ka riga ka amsa rabin tambayarka da kanka. 'Yan wasan ba su kone ba, babu ma wanda ya rasa ransa a gobarar. Amma bari in jero maka yadda abin ya faru sai ka yi alkalanci.

Ranar 26 ga Nuwamba 1917 aka kafa NHL, wato babbar gasar hokin kankara ta Arewacin Amurka, a otal din Windsor da ke Montreal, kuma Wanderers na cikin wadanda suka zauna aka kafa ta, tare da Montreal Canadiens da Ottawa da Quebec, sai wani kulob na Toronto. Quebec ba ta samu buga kakar farko ba, sai aka rarraba 'yan wasanta ga sauran. Daren 19 ga Disamba aka fara wasa, Wanderers ta karbi bakuncin Toronto ta doke ta 10 da 9, wasan da gololin bangarorin biyu suka sha wahala ba kadan ba. Dave Ritchie, dan wasan baya da suka samo daga rabon Quebec, shi ya jefa ta farko wajen minti daya da farawa, ita ce kwallon farko a tarihin NHL, Harry Hyland kuma shi kadai ya ci biyar. An dade ana cewa Joe Malone na Canadiens ne ya fara ci, don shi ma ya ci biyar a Ottawa a daren, sai daga baya masu tono tsofaffin jaridu suka gano ashe wasan Montreal ya riga na Ottawa farawa.

To amma ka san mutum nawa suka shiga kallo? Wajen 700, a dakin wasan da kujerunsa kadai sun haura 4,000. Nan ciwon yake.

Bayan wannan nasara ba su kara ganin wata ba. Canadiens ta yi musu cin kaca 11 da 2, Ottawa ta ba su 6 da 3, ta sake maimaita musu 9 da 2. Lokacin ana tsakiyar yakin duniya na farko, Kanada ta kafa dokar tilasta wa samari shiga soja a 1917, majiya karfi duk sun tafi ko suna shirin tafiya, ga shi kuma manyan 'yan wasansu biyu, wa da kani, Sprague da Odie Cleghorn, babu ko daya a fili, Sprague ya karye a kafa, Odie kuma sharadin da ke kan takardar da ta dauke masa aikin soja ya hana shi wasa. Mai kulob din, wani dan kasuwa Sam Lichtenhein, tun kafin a fara kakar yake ta korafi yana cewa ko dai sauran kulob su ba shi 'yan wasa ko ya janye.

Ana cikin haka sai ranar Laraba 2 ga Janairu 1918 da tsakar rana wuta ta kama Montreal Arena da ke unguwar Westmount, ginin da aka bude tun karshen 1898, ta cinye shi kurmus har da riguna da sanduna da takalma. A daren ranar ne ma aka shirya Wanderers za ta kara da Canadiens.

Yanzu ga inda nake so ka lura. Canadiens ma a wannan dakin take wasa, ita ma kayanta sun kone tas. Me ta yi? Ta nemi kayan wasa, ta koma wani karamin fili da ake ce wa Jubilee, ta ci gaba da gasa, kuma yau shekara dari da doriya tana nan, babu kulob din da ya kai ta yawan daukar kofin Stanley, babban kofin wasan hoki. Ita kuwa Wanderers har tayin fili aka yi mata daga birnin Hamilton, Lichtenhein ya ce a'a. Ya sake neman a ba shi 'yan wasa, aka hana, ranar 4 ga wata ya nade tabarmarsa. Wasanni biyun da ba su fito ba aka rubuta musu a matsayin an ci su, shi ya sa in ka duba teburin kakar za ka ga wasa shida, nasara daya, rashin nasara biyar, alhali hudu suka buga da kafarsu.

Ni dai a ganina faduwa ce ta zo daidai da zama. Mutumin yana tafka asara, ba 'yan kallo, ba 'yan wasa, yana neman kofar fita ba tare da an ce ya gudu ba, sai wuta ta bude masa ita. Da kulob din na kawo riba wallahi ko a kan daskararren tafki ne sai sun buga.

TAMBAYA: Assalamu alaikum Malam. To in dai haka suke shan kashi me ya sa ake ta zancensu har yanzu? Sun taba cin wani abin a zo a gani kuwa? Daga wata mai karatu.

AMSA: Wa alaikumus salam 'yar'uwa. Haba, kar ki auna su da wadannan wasanni hudun, karshen rayuwarsu kenan. Shekara goma kafin nan babu kulob din da ake tsoro a Kanada kamarsu. Sau hudu sunansu ya hau jerin zakarun kofin Stanley, 1906, 1907, 1908 da 1910.

Asalinsu ma rigima ce. A Disamba 1903 wasu 'yan wasan Montreal Hockey Club, wadanda suka dauki kofin a 1902, suka bata da shugabannin kungiyarsu suka balle, wani James Strachan ya tsaya musu aka kafa sabon kulob. Farar riga suke sawa mai jan zane a kirji da harafin W, kuma galibin magoya bayansu masu jin Ingilishi ne na Montreal, don kin san birnin kashi biyu ne, masu Ingilishi da masu Faransanci, wannan zai zo mana a gaba.

Taurin kai kuwa tun daga farko suke da shi. A Maris 1904 suka kalubalanci Ottawa a kan kofin, wasan farko a Montreal aka tashi canjaras 5 da 5, suka ce sam sai an sake buga shi a garinsu, masu kula da kofin suka ce a'a a wuce Ottawa a ci gaba, su kuma suka ki zuwa. Shikenan kofi ya zauna a Ottawa.

Wanda ni na fi so shi ne na Maris 1906. Sun gama lig maki daya da Ottawa, sai aka ce a buga wasa biyu, gida da waje, a hada kwallaye. A Montreal Wanderers ta lallasa su 9 da 1, kowa ya ce ai an gama, Ottawa da ta rike kofin tun 1903 ta zo karshe. Aka je Ottawa, Wanderers ta sake fara ci, jimilla 10 da 1 kenan. Daga nan fa Ottawa ta balle, daya, biyu, uku, har tara a jere ba kakkautawa, jimilla ta koma 10 da 10, dakin wasa kamar zai tsage da ihu, ki kwatanta halin da dan Wanderers yake ciki a wannan lokacin, tazarar kwallo tara ta narke a hannunsa yana kallo. Sai Lester Patrick, saurayi dan shekara 22, ya jefa biyu ana dab da tashi. An ci su 9 da 3 a wasan amma suka tafi da kofi 12 da 10.

A kakar 1907 wasa goma suka buga a lig suka cinye duka, Ernie Russell ya ci 42 shi kadai. Kuma su ne suka fara sa a zana sunayen mutanensu daya bayan daya a jikin kofin a wannan shekarar, a cikin kwaryar, abin da daga baya ya zama al'ada.

TAMBAYA: Yallabai na ga wani wuri an rubuta kulob biyu ne suka ci kofin Stanley a 1907, Wanderers da wani Kenora. Kuskuren bugu ne? Daga wani mai bibiyar wannan fili.

AMSA: Ba kuskure ba ne dan'uwa. A wancan zamanin kofin ba na karshen kaka ba ne kamar yanzu, kofin kalubale ne, irin kambun dambe. Lord Stanley, gwamna janar na Kanada, shi ya bayar da shi a 1892, aka fara mika shi a 1893, da sharadin cewa wanda ke rike da shi dole ya kare shi in zakaran wata lig ya kalubalance shi kuma amintattun kofin suka yarda. Don haka yana iya sauya hannu fiye da sau daya a shekara.

Kenora wani dan karamin gari ne a yammacin Ontario, mutanensa wajen 4,000 a lokacin. A Janairu 1907 kulob dinsu Thistles ya hau jirgin kasa ya zo har Montreal ya doke Wanderers 4 da 2, sannan 8 da 6. Kyaftin dinsu Tommy Phillips shi ya ci duka hudun na wasan farko. Har yau babu garin da ya kai Kenora kankanta da ya taba daukar kofin. Sai dai wata biyu kacal suka yi da shi, a Maris Wanderers ta bi su, aka buga a Winnipeg, ta ci 7 da 2, aka ci ta 6 da 5, ta dawo da kayanta. Abin dariya jimillar duka karon biyu 12 da 8 ce.

Kuma kar ka dauka duk 'yan garin ne. Sojan haya ya yi yawa a lokacin, Kenora ta aro Art Ross don wasan Janairu, shekara na zagayowa sai ga shi sanye da rigar Wanderers. Edmonton ma da ta zo kalubale a Disamba 1908 kusan duk 'yan wasanta na haya ne, ciki har da Lester Patrick da Tommy Phillips din nan, duk da haka Wanderers ta tsira da 13 da 10.

TAMBAYA: Baba ni ban ma san yadda ake wasan ba, kuma an ce min fada ake yi a ciki. Haka ne? Kuma ana biyansu? Daga wani yaro dan sakandare.

AMSA: Yaro, ka dauka kwallon kafa ce amma a kan daskararren ruwa, takalmin da ake sawa akwai karfe kamar wuka a kasansa da ake zamewa a kai, maimakon kwallo kuma wani dan faifan bakar roba ne mai tauri, fadinsa inci uku kaurinsa inci daya, ana kora shi da sanda mai lankwasa zuwa raga. Yanzu mutum shida-shida ne har da gola. A farkon zamanin Wanderers bakwai-bakwai ne, sai a 1911 aka cire daya a gabashin Kanada, kuma rabi biyu ake yi na minti 30 kafin a 1910 a mayar da shi zango uku na minti 20. A wancan zamanin ba a mika wa na gabanka faifan, sai dai gefe ko baya, gola kuma in ya zube kasa don tarewa laifi ne. Sanyin hunturu ne ke daskarar da filin a shekarun farko, shi ya sa kakar gajeriya ce, zuwa Maris an gama. Ba hular kwano, gola ma fuskarsa a bude.

Fada kam akwai, na da ma ya fi na yanzu muni nesa ba kusa ba. Ranar 12 ga Janairu 1907 a wasan Wanderers da Ottawa, 'yan Ottawa uku suka sa sanda suka rotsa 'yan Wanderers uku, Cecil Blachford da Hod Stuart da Ernie Johnson, har maganar ta je kotu, aka ci biyu daga cikinsu tarar dala 20 kowanne. Dala ashirin fa, kan mutum. Duk da haka Wanderers ce ta ci wasan 4 da 2.

Batun biya, da farko cewa ake yi wasa ne na sha'awa, karbar kudi abin kunya ne, alhali kowa ya san ana tura wa wasu a boye. A kakar da ta fara a karshen 1906 lig dinsu ta yarda a rika biya a fili, Wanderers ta bayyana wadanda take biya, cikinsu akwai gola Riley Hern da shi Hod Stuart din.

Tunda sunansa ya fito bari in karasa maka labarinsa, don ni yana taba ni. Stuart ana ganin babu dan baya kamarsa a zamaninsa, ya baro Pittsburgh ta Amurka yana korafin rashin da'a da alkalan wasa marasa tsawatarwa, ya zo Montreal aka fasa masa kai, ya dauki kofi a Maris, sai ya ajiye wasan ya tafi aikin gini. Ranar 23 ga Yuni 1907 ya je iyo kusa da Belleville, ya yi tsalle ya fada ruwa da ka, ashe wurin ba zurfi, duwatsu ne a kasa, wuyansa ya karye nan take. Shekararsa 28, ya bar mata da 'ya'ya biyu. Aka shirya wasa don tara wa iyalinsa kudi, Wanderers a gefe guda, zababbun taurarin sauran kulob a daya gefen, Wanderers ta ci 10 da 7, aka tara sama da dala 2,000. Wannan ake lissafawa a matsayin wasan taurari na farko a hoki. Ranar da aka buga shi kuwa 2 ga Janairu 1908, a Montreal Arena. Koma sama ka duba ranar gobarar, shekara goma cif.

TAMBAYA: Malam wani abokina mai goyon bayan Canadiens ya ce wai Wanderers ce ta haifi kulob dinsu, na ce karya yake. Ka raba mana gardama.

AMSA: Malam sai dai ka ba abokinka hakuri, maganarsa da kamshin gaskiya sosai. A 1909 kulob din Wanderers ya koma hannun wani P. J. Doran, mai filin Jubilee, ya ce daga yanzu a filinsa za a rika wasa. Matsalar ita ce filin karami ne, baki kuma kaso suke karba daga kudin kofa, karamin fili karamin kaso kenan. Sauran masu kulob suka rasa yadda za su kore shi, sai suka yi dabara, a Nuwamba suka taru a otal din Windsor suka rushe lig din gaba daya, suka kafa sabuwa mai suna CHA a take, suka bar Wanderers a waje.

Jimmy Gardner, wakilin Wanderers, ya fito daga dakin taro yana huci, sai ya ci karo da wani matashi Ambrose O'Brien, dan wani attajiri mai hakar ma'adinai daga garin Renfrew, wanda shi ma aka ki karbar kulob dinsa a taron. Korarru biyu suka hada kai suka kafa tasu lig din, NHA, a farkon Disamba. Gardner ne ya kawo shawarar a kirkiro kulob na masu jin Faransanci don ya zama abokin hamayyar Wanderers a cikin gari, jama'a su cika fili, O'Brien ya zuba kudi, ranar 4 ga Disamba 1909 aka haifi Canadiens. Ita kuwa CHA ko wata guda ba ta yi tana wasa ba ta ruguje a Janairu 1910, kaikayi ya koma kan mashekiya, Ottawa ta lallabo ta shigo NHA, Wanderers ta cinye wasa 11 cikin 12 ta karbe kofin daga hannunta.

Kuma ka ga halin mutanen nan, dabarar da aka yi wa Wanderers a 1909 ita suka sake yi a 1917 a otal din nan dai, wannan karon da hannun Wanderers dumu-dumu a ciki. Mai kulob din Toronto, Eddie Livingstone, ya ishe su da rigima, shi da Lichtenhein ba sa ga maciji, dokar NHA kuma ba ta ba su damar korarsa ba, sai suka jingine NHA suka kafa NHL ba tare da shi ba. Lichtenhein ya samu abin da yake so, ko mako shida bai yi a cikin sabuwar lig din ba ya fita.

TAMBAYA: Shin Montreal Maroons ita ce Wanderers ta canza suna? Daga wata malamar makaranta.

AMSA: A'a Malama, kulob ne daban, sai dai akwai dangantaka. Bayan 1918 masu jin Ingilishi na Montreal sun zauna shekara shida ba su da kulob a NHL, sai a 1924 aka kafa Maroons don su, aka gina mata shahararren dakin nan Forum ba nisa da inda tsohon ya kone, kuma James Strachan din da ya kafa Wanderers shi ne shugabanta na farko. Ta dauki kofi a 1926 da 1935, matsin tattalin arziki ya durkusar da ita a 1938, Forum din ya zama na Canadiens ita kadai.

Tsofaffin 'yan Wanderers kuwa ba su bace ba. Art Ross, wanda ya buga musu har wasannin karshe, shi ya zama kocin farko na Boston Bruins a 1924, kuma kyautar da ake ba dan wasan da ya fi tara maki a NHL duk shekara sunansa take dauke da shi. Lester Patrick ya tafi yamma shi da kaninsa Frank suka kafa tasu lig din a 1911, daga baya ya rike New York Rangers. A wasa na biyu na zagayen karshe na kofin 1928 faifai ya samu golansa a ido, babu na canji, sai shi koci da furfurarsa yana dan shekara 44 ya daura kayan gola ya shiga raga, kwallo daya aka ci shi, Rangers ta yi nasara 2 da 1. A Forum aka yi wannan, kuma Maroons din da kika tambaya ita ce ta sha kashin.

Masu tambaya a kan kulob din Seattle da annobar murar 1919 na ga sakonninku, sai fitowa ta gaba in Allah ya kai mu.